Hausa a Ƙetare: Tarihin Riƙon Harshen Gado a Zangunan Gana da Ƙauyukan Sudan

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Daga cikin kayan gidan da suke saurin barin matafiyi akwai harshe, domin shi ba a ɗaure shi a mangala, sai dai a riƙe shi a baki a miƙa wa na baya. Masana walwalar harshe sun lura da cewa a wurare da dama harshen baƙi ba ya wuce zuriya uku: kakanni su zo da shi, 'ya'ya su haɗa shi da harshen masu masauki, jikoki kuma su tashi da harshen masu masauki kaɗai. Amma akwai al'ummomin Hausawa da suka shafe fiye da shekara ɗari a wajen ƙasar Hausa, kuma har yau ana haifar yara a cikinsu su buɗe baki da Hausa.

Wannan takarda za ta dubi tarihin biyu daga cikin waɗannan al'ummomi, wato mazauna zanguna na ƙasar Gana, waɗanda fataucin goro ya kai kakanninsu yamma, da Hausawan ƙasar Sudan, waɗanda aikin hajji da hijira suka kai kakanninsu gabas. Manufa ita ce a gano abin da ya riƙe harshen a kowane wuri, da irin harsunan da yaro yake tashi da su, da kuma abin da riƙon ya jawo wa masu shi.

2.0 Hanyar Gwanja

Tun kafin ƙarni na 19 fatake suke tashi daga Kano da Katsina da sauran biranen Hausa zuwa Gwanja domin sayo goro. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 cinikin ya ƙara bunƙasa, saboda goro ya zama abin marmarin da addini bai hana ba. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci. Ayari kan tashi ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya yi watanni a hanya kafin ya isa Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, inda mutanen Asante, waɗanda fatake ke kira Tonawa, suke kawo goro daga kurmi.

Duk inda ayari ya sauka ya kwana, sunan wurin zango. A hankali wasu fatake suka daina komawa gida, suka gina gidaje a zangunan, suka zama masu masaukin 'yan'uwansu. Maigida shi ne mai saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya yi masa dillanci da tafinta. Malamai suka biyo baya, aka gina masallatai, aka buɗe makarantun allo. Ta haka zango ya tashi daga wurin kwana ɗaya ya zama unguwa mai sarki da limami.

2.1 Watsewar Salaga da kafuwar sababbin zanguna

A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, ƙarfin Asante a kan Gwanja ya raunana, cinikin goro ya fara komawa wasu kasuwanni irin su Kintampo da Atebubu. A 1892 kuma yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga, mazauna garin suka watse. Wasu suka nufi Yeji, wasu Kete-Karaci, wasu suka gangara har bakin teku. Daga cikin waɗanda suka koma Kete-Karaci akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934. Ya karantar da ɗalibai masu yawa, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da kuma Hausa cikin ajami, ya kuma rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich bayanai a kan tarihi da al'adun Hausawa. Haka nan tatsuniyoyi da labarun da R. S. Rattray ya buga a 1913, wani malami mai suna Shaihu ne ya rubuta masa su da ajami a wannan ƙasa ta Gana. Wannan yana nuna cewa Hausar zango, tun farkonta, harshen karatu da rubutu ce.

Aikin soja ma ya taimaka. Rundunar da Kyaftin Glover ya shigo da ita daga Ikko a yaƙin 1873 zuwa 1874 ana kiran ta rundunar Hausawa, ko da yake ba dukkan mutanenta ne Hausawa ba. Daga nan Hausa ta zama harshen bariki, duk wanda ya shiga soja ko ɗan sanda daga arewa sai ya koye ta. Waɗanda suka gama aiki kuwa, da yawansu zango suka sauka. A Ankara, babban birnin ƙasar, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, daga baya unguwanni irin su Nima da Mamobi suka cika da baƙi. A Kumasi ma zango ya haɓaka bayan da Ingilishi suka mallaki Asante a 1901.

2.2 Yaron zango da harsunansa

Noman koko da haƙar zinariya sun jawo dubban leburori daga arewa: Mosawa, Zabarmawa, Dagwambawa, Gurunsawa, Kotokoli, Wangarawa, Fulani da Yarbawa. Kowa ya zo da harshensa, aka haɗu a gidan haya ɗaya, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Harshen da suka tarar yana aiki a zango shi ne Hausa. Da ita ake ciniki, da ita liman yake fassara karatu, da ita sarkin zango yake sasanta rigima. Saboda haka Bamoshe da Bazabarme, idan suka haɗu, da Hausa suke gaisawa.

Binciken da Enid Schildkrout ta yi a zangon Kumasi, wanda aka buga a 1978, ya nuna abin da ya biyo baya. 'Ya'yan Mosawan da aka haifa a Kumasi sun tashi Hausa ce harshen da suka fi iyawa, kuma al'adun aure da suna da suke bi na zango ne, alhali suna nan suna kiran kansu Mosawa. A nan akwai abin lura ga ɗalibi: a Gana Hausa ta rayu ne har ta kai ga cinye harsunan gadon wasu baƙin. Abin da Bahaushe zai kira nasarar harshensa, a wurin tsohon Bamoshe asara ce, domin jikansa ba ya iya amsa masa gaisuwa da harshen Mosawa.

Yaron da ya tashi a Nima ko a Aboabo ta Kumasi yakan girma da harsuna huɗu ko biyar, kowane da wurinsa. Hausa ce ta gida da layi da wurin wasa. Harshen Tuwi shi ne na babbar kasuwa da tashar mota, a Ankara kuma akwai harshen Ga na 'yan ƙasa. Ingilishi na makarantar boko ne da ofis. Larabci na karatun Alƙur'ani ne, kuma a Gana idan aka ce makaranta, ta Islamiyya ake nufi. M. E. Kropp Dakubu, a nazarinta na 1997 a kan tarihin harsunan Ankara, ta lissafa Hausa cikin manyan harsuna huɗu na birnin, tare da Ga da Akan da Ingilishi. Babu wanda ya zaunar da waɗannan yara ya tsara musu jadawali. Kowane harshe yana da mutanen da ba a iya samun biyan bukata a wurinsu sai da shi, yaro kuwa yana da bukata a wurinsu duka.

2.3 Siffofin Gananci

Harshen da baƙi masu yawa suka koya da girmansu, sannan suka koya wa 'ya'yansu, dole ya sauya kama. Karin Hausar Gana, wanda ake kira Gananci, yana da siffofin da suka bambanta shi da Daidaitacciyar Hausa. Biyu daga ciki sun fi fitowa fili.

Na farko shi ne ɓacewar jinsi a nahawu, inda lamirin namiji yake ɗaukar aikin na mace:

(1) Daidaitacciyar Hausa: Yarinya ta zo.
Gananci: Yarinya ya zo.

Na biyu shi ne a bakin masu magana da yawa baƙaƙe masu ƙugiya sukan koma 'yan'uwansu marasa ƙugiya:

(2) ɗaya > daya
ƙasa > kasa
ɓera > bera

Ɗalibin da ya saba da Hausar Kano ko ta Damagaram zai iya ɗaukar wannan a matsayin kuskure. A mahangar ilimin harshe kuwa kari ne mai ƙa'idojinsa, wanda yara suke koya a matsayin harshen uwa. Haka kuma aro bai tsaya a gefe ɗaya ba. Abincin da duk Gana ta sani da waakye daga kalmar wake ya samo suna, tuo zaafi tuwon zafi ne, koose kuma ƙosai ne. Ita kanta kalmar zango ta shiga bakin kowa a matsayin zongo.

2.4 Harshe da takardar zama ɗan ƙasa

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubun-dubatar mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda a Gana aka haife su, ba su taɓa ganin garin da aka ce su koma ba. A wannan lokaci zama a zango da jin Hausa sun isa su sa a tuhumi mutum da baƙunta. Har ila yau, duk da cewa gidan rediyon ƙasar ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa, ba ta shiga jerin harsunan da gwamnati ta zaɓa domin koyarwa a makarantun firamare ba, saboda ana ganin ta harshen baƙi. Sakamakon haka yawancin yaran zango suna magana da Hausa amma ba a koya musu rubuta ta da boko ba, ajamin da kakanninsu suka yi amfani da shi kuma ya ja baya.

3.0 Hanyar Gabas

Tarihin Hausawan Sudan ya bi wata hanya dabam. Mahajjata sun daɗe suna ratsa ƙasar da ƙafa: daga Kano zuwa Barno, su wuce Wadai, su shiga Darfur ta Janaina da Fashir, su bi ta Ubayyid har bakin kogin Nilu, daga nan su nufi Sawakin ko Bur Sudan su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Talaka ba ya iya yin wannan tafiya a shekara ɗaya. Sai ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago, ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Tafiyar kan ci shekaru, a yi aure a hanya, a haifi 'ya'ya a hanya, wasu kuma su rasu ba su isa ba.

Babban gungu ya zo ne bayan da Ingilishi suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas, jama'a masu yawa suka bi shi. An kashe shi a yaƙin Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen har Sudan, inda suka zauna a gefen reshen Nilu mai fitowa daga Habasha, kusa da Sinnar. Garin da suka kafa sunansa yake ɗauke da shi har yau, wato Mai Wurno, kuma a cikinsa Fulatanci da Hausa suka zauna tare.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira. Shirin yana bukatar hannuwa masu yawa, mutanen yamma kuwa an san su da juriyar aikin gona. Ƙauyukansu suka yawaita a Jazira da Gadarif da Kasala, unguwanninsu kuma suka kafu a Wad Madani da Hartum da Bur Sudan. Mutanen ƙasar suka haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare suka kira su da suna ɗaya, Fallata, ko kuma Takari.

3.1 Abin da ya riƙe Hausa a Sudan

Abu na farko shi ne zama wuri ɗaya. Ƙauyen da dukkan mutanensa Hausawa ne, da sarkinsa da limaminsa da ungozomarsa, ba ya bukatar wani harshe sai ranar kasuwa. Na biyu shi ne auren gida. Muddin uwa Bahaushiya ce mai zaman kulle, wadda hulɗarta da masu Larabci kaɗan ce, to da Hausa za ta yi wa ɗanta tawai, da ita za ta aike shi, da ita kakarsa za ta yi masa tatsuniya. Na uku shi ne makarantar allo, wadda iyaye da yawa suka fifita a kan ta gwamnati, kuma malaminta da Hausa yake yi wa almajirai bayani.

Na huɗu shi ne yadda mutanen suka ɗauki kansu. C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya bayyana yadda ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen mahajjata, waɗanda a Sudan aka haife su, suna ɗaukar kansu matafiya masu niyyar ƙarasawa Makka. Wanda yake ganin a zango yake, ba ya gaggawar sauya harshe. Ga kuma sababbin mahajjata da suke ta isowa daga gida da Hausarsu ɗanya, kafin jirgin sama da tsauraran dokokin kan iyaka su rage bin hanyar ƙasa.

3.2 Yaro tsakanin Hausa da Larabci

Matsalar da Hausa ta fuskanta a Sudan ita ce, duk aikin da ta yi a zangon Gana, a nan Larabci ya riga ya kama shi. Shi ne harshen kasuwa, shi ne na hulɗa tsakanin ƙabilu, shi ne na ofis da kotu da rediyo. Makarantun sakandare sun koma koyarwa da shi daga 1965, jami'o'i kuma daga 1990. Fiye da haka, shi ne harshen Alƙur'ani, saboda haka uban da ɗansa ya ƙware a Larabci ba ya jin an raba yaron da wani abu, alfahari ma yake yi.

Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya buga nazari a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take karkata zuwa Larabci. Aron ya fi ƙarfi a kalmomin rayuwar zamani. Inda Hausar gida ta ari mota da asibiti daga Ingilishi, yaron Wad Madani arabiyya da mustashfa yake ji a titi, su ne kuma suke fara zuwa bakinsa. A ƙauye yaro yakan fara da Hausa, ya tsinci Larabci a kasuwa da makaranta, ya girma da duka biyun. A birni kuwa, musamman a gidajen 'yan boko da inda aka yi auratayya da wasu ƙabilu, Larabci kan riga Hausa shiga bakin yaro, har a kai ga yana jin maganar kakarsa amma da Larabci yake amsa mata. Abin da ya fita daga Hausa ya shiga bakin kowa a Sudan shi ne sunan naman da ake gasawa da yaji da ƙuli-ƙuli, wato agashe.

A nan ma batun zama ɗan ƙasa ya shigo. Dokar 1957 ta shar'anta cewa sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Wannan ya bar zuriyar waɗanda suka zo bayan Burmi a waje, sai daga baya aka sassauta sharaɗin. A irin wannan hali, kalmar Fallata ta ɗauki ma'anar raini, wasu iyaye kuma suka ga cewa gatan da za su yi wa 'ya'yansu shi ne su tashi da Larabcin da ba za a gane asalinsu a cikinsa ba. Tsarin mulkin wucin-gadi na 2005 ya amince da dukkan harsunan ƙasar a matsayin harsunan ƙasa, amma tambayar wane ne ɗan ƙasa ba ta mutu ba. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nil al-Azrak bayan da Hausawa suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka kashe ɗaruruwan mutane a cikin shekarar. Yaƙin da ya fara a watan Afrilu na 2023 kuma ya kai Jazira da Sinnar, ya tarwatsa ƙauyuka da dama, alhali zaman ƙauye wuri ɗaya shi ne ginshiƙin da harshen ya dogara a kansa.

4.0 Kwatanci

Idan aka jera tarihin biyu, za a ga abubuwa uku. Na farko, gida shi ne mafari, amma shi kaɗai ba ya isa. A Gana yaro yana fita ƙofar gida ya tarar da Hausa tana jiran sa a layi da masallaci da wurin mai koko, shi ya sa ta yaɗu har ga waɗanda ba su gaje ta ba. A biranen Sudan yana fita Larabci ne yake tarbar sa, shi ya sa Hausa ta koma cikin gida, ta rataya a wuyan mata da tsofaffi.

Na biyu, yawan harsuna bai taɓa zama nauyi ga yara ba. Yaron Nima mai harshe biyar bai rasa Hausarsa saboda Tuwi ko Ingilishi ba, tun da kowane yana da fagensa. Harshen gado yana raunana ne a lokacin da wani harshe ya karɓe dukkan fagagensa, ko kuma lokacin da magana da shi ta zama abin kunya ko abin tsoro, kamar yadda 1969 ta nuna a Gana, dokar 1957 kuma ta nuna a Sudan.

Na uku, harshen da ya rayu a ƙetare ba ya zama yadda ya bar gida. Gananci ya sauƙaƙa nahawu da sauti, Hausar Sudan ta cika da kalmomin Larabci. Wanda ya ce sai Hausar Kano ko ta Sakkwato tsantsa zai yarda da ita, zai sa mai Gananci ya ji kunyar buɗe baki a gabansa, kunya kuwa tana daga cikin abubuwan da suke kashe harshe.

5.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi sawun Hausa ta hanyar Gwanja da ta gabas, ta nuna cewa harshe yana daɗewa a baƙuwar ƙasa gwargwadon aikin da yake yi wa masu shi, da kuma darajar da suke jin suna da ita idan sun yi magana da shi. A yau akwai sababbin zanguna a Jidda da Landan da Niyok, inda iyaye suke fama da tambayar da fataken Salaga da muhajiran Mai Wurno suka fuskanta. Waya da intanet da finafinan Kano sun kawo musu muryar gida har cikin ɗaki, abin da na da ba su samu ba. Sai dai yaro ba ya koyon harshe daga abin da yake kallo kawai, sai ya sami wanda zai aike shi da shi, ya yi masa faɗa da shi, ya kuma jira amsa da shi. Akwai bukatar ɗaliban harshe su shiga waɗannan al'ummomi su naɗi maganar zuriya uku a gida ɗaya, kaka da uwa da jika, domin a nan ne za a ga abin da ya saura da abin da ya tafi.